Razana Daban, Tsoro Daban

Wani ƙanina, tela ne a Idi-Araba, ya tare ni da tambaya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce masa maganar ba ta tsaye ba ce, ya bari in zauna in rubuta. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya, musu ya kaure a shagonmu. Ɗaya ya ce finafinan ban tsoro na Amurka ba su da na biyu, saboda jininsu kamar gaske. Ɗaya ya ce na Jafan ne ƙarshe. Ni kuwa kunya ta hana ni faɗa musu cewa fim ɗaya tak da ya taɓa hana ni barci wani tsohon kaset ne na 'yan Kudu, wanda hotonsa ma dishi-dishi yake. Kai da kake cikin harkar, wanne ya fi ban tsoro, kuma me ke sa fim ya tsorata mutum?"

To ƙanina, ka daina jin kunya, domin duk cikinku kai ka fi kusa da gaskiya. Na daɗe ina aikin tace hoto da haɗa sauti a wani ɗan situdiyo a Surulere, kuma abin da na lura shi ne abokan naka abu uku suke cakuɗawa suna kira da suna ɗaya. Akwai razana, akwai ƙyama, akwai kuma fargaba. Hausa ta raba su tun ba a san kyamara ba. Wanda tayar tirela ta fashe a bayansa a hanyar Apapa razana ya yi. Wanda ya leƙa kwatar mahauta cikinsa ya juya, ƙyama ce. Wanda kuwa ya shiga bas da daddare, aka yi nisa, ya lura duk fasinjojin sun yi shiru suna satar kallonsa, kuma direba ya bar hanyar da aka saba, wannan shi ne ya san fargaba. Fim mai kyau na ukun yake nema. Sauran biyun kayan miya ne.

Razana ita ce mafi arha, ko yaron da ya fara koyon aiki wata uku zai iya haɗa ta. Ga yadda muke yi. Za ka rage sauti a hankali na 'yan daƙiƙu, har mai kallo ya kasa kunne, ya ɗan matso gaba bai sani ba. Sai ka ja idonsa zuwa gefe guda na allo, misali ƙofar da ta ɗan buɗe. Daga ɗaya gefen sai ka jefo abu tare da ƙara mai ƙarfi. Dole ya zabura, ko soja ne. Ba jarumta ko rashinta ba ce, halitta ce: jiki yana amsa ƙarar ba-zata kafin tunani ya iso wurin, ido ya ƙifta, kafaɗa ta ɗaga, zuciya ta buga, sannan daga baya hankali ya zo ya ce ai fim ne. Shi ya sa dariya ke biyo baya. Dabarar kuma tsohuwa ce. A fim ɗin Cat People na 1942 akwai wata fitowa da wata mata ke tafiya ita kaɗai da dare tana jin takun ana bin ta, takun ya ɗauke, wurin ya yi tsit, sai wani huci ya taso kamar na damisa. Ashe bas ce ta taka burki a gabanta. Har yau masu sana'a suna kiran irin wannan zolaya da sunan wannan bas ɗin da furodusan fim ɗin, Val Lewton. Amma ka lura, abin da ya sa bas ɗin ta yi aiki shi ne doguwar tafiyar da ta gabace ta. Finafinan yanzu da yawa sun yar da tafiyar sun riƙe bas ɗin. Kowane minti biyar sai an doka maka ganga a kunne. Na farko ka zabura, na biyu ka ɗan motsa, kafin na shida ka fara duba waya. Jiki yana sabawa da ƙara, kamar yadda mai ɗaki kusa da janareta ke barcinsa lafiya lau.

Jini kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Abokinka mai yabon jinin Amurka ya je Mile 12 ko mayankar Agege da sassafe ya ga ko zai kasa cin tuwo da dare. Finafinai irin su Saw na 2004 da tarin waɗanda suka biyo bayansa suna sa mutum ya kau da kai, ya yamutsa fuska, amma kau da kai ba tsoro ba ne. Da zarar an kashe talabijin magana ta ƙare, domin babu abin da ya rage maka da za ka tafi da shi ɗaki.

Ka dubi Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, fim ne baƙi da fari. Fitowar da aka fi sani a cikinsa ita ce ta kisan wata mata a banɗaki. Mutane da yawa za su rantse maka sun ga wuƙa tana keta jiki sau da dama. In ka tsayar da hoton kana bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke yi a kwamfuta, za ka ga hannu ya ɗaga, ka ga baki a buɗe, ka ga ruwa, ka ga labule, amma kusan ba za ka ga sara ba. An yanyanka hoton gunduwa-gunduwa fiye da sau 50 cikin ɗan lokaci, jinin da ke bin ruwa kuma ruwan cakulan ne, ƙarar suka kuwa wuƙa ce aka riƙa caka wa wani ɗan itace dangin kankana. Sai kiɗan Bernard Herrmann, gogen Turawa zalla, yana tsiwa kamar ana yanka tsuntsu. Kisan a cikin kanka aka yi shi, kai ka ƙarasa aikin da hannunka. Kuma abin da zuciyarka ta zana maka ya fi duk abin da mai kwalliya zai iya shafa wa jaruma, domin ita zuciyar ta san inda ke maka ciwo.

Wani lokaci ma rashin sa'a ce ke koya wa darakta wannan darasi. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, an ƙera masa ƙaton kifin shak na inji, amma ruwan gishiri ya riƙa lalata shi. Dole ta sa ya ɓoye kifin. Sai ya riƙa nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, da wasu gangunan roba masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman teku, da sautin nan guda biyu na John Williams da ke maimaituwa yana ƙara sauri. An yi nisa sosai a fim ɗin kafin a ga kifin da kyau, kuma gaskiya idan ya fito sai tsoron ya ragu, domin ka ga roba ce. Bahaushe ya riga ya faɗa: ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Dodon da aka haska wa fitila ya zama ɗan wasa.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Ka tuna labarin mai kofato da ake ba mu a soro? Mutum yana dawowa da dare ya haɗu da wata kyakkyawar mace, suna tafe suna hira, ya sunkuya ya ga ƙafarta kofato ce. Ya zura da gudu har ya tarar da wani dattijo zaune a bakin hanya, ya zube gabansa yana haki yana ba shi labari. Dattijon ya saurare shi tsaf, sannan ya ɗan ja rigarsa sama ya ce, "Irin wannan?" Babu jini a labarin nan, babu kururuwa, ba a ma faɗi abin da ya faru da mutumin ba. Amma ka duba ginin. Na farko, abin tsoron ba mummuna ba ne, mutum ne cikakke in ban da abu ɗaya tak da ya saɓa. Na biyu, an ba ka mafaka, ka sauke ajiyar zuciya, sannan aka nuna maka mafakar ita ce ramin. Duk fim ɗin tsoro na ƙwarai da na sani ɗaya daga cikin waɗannan biyun yake yi, ko duka.

Wannan abu ɗaya da ya saɓa shi ne sirrin 'yan Jafan, kuma a nan abokinka na biyu yana da hujja. Ringu na Hideo Nakata, 1998, labarin wani kaset ne da duk wanda ya kalla waya za ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Fatalwar cikinsa yarinya ce da farar riga, gashi ya rufe mata fuska, tana fitowa daga tsohuwar rijiya. Ba ta da fiƙa, ba ta da ƙaho, ba ta gudu. Tafiyarta ce kawai ba daidai ba. Yadda aka yi shi ne, an sa mai wasan ta yi tafiya da baya tana karkarwa, sannan aka juya hoton. Idonka yana ganin mutum na tahowa, amma gaɓoɓin suna motsi ta hanyar da mai rai ba ya yi, sai tsigar jikinka ta tashi ba ka san dalili ba.

A Agege na kalli fim ɗin nan, a ɗakin wani abokina, mu biyar, lokacin ana yayin faifan bidiyo. Da yarinyar ta dafa bakin talabijin ta zuro kai cikin ɗaki, babu wanda ya yi ihu a cikinmu, shiru kawai muka yi. Fim ya ƙare, ana ta cika baki, wani na cewa ai wannan wasan yara ne. Can sai aka ɗauke wuta. Ka san tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, in an kashe ta gilashin kan riƙe wani ɗan haske-haske na 'yan daƙiƙu, sannan ya koma baƙi yana nuna maka inuwarka. Muna zaune cikin duhu, fanka ta tsaya, sai ƙarar ruwan sama a kan kwano. Mai ɗakin ya tashi bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauki sallaya ya lulluɓe talabijin ɗin. Babu wanda ya yi masa dariya, har mai cika bakin. Ka ga fim ɗin bai tsaya a cikin akwati ba. Ya ɗauki wani abu da ke cikin ɗakin kowa ya ɓata shi. Amurkawa sun sake yin sa a 2002 da suna The Ring, da kuɗi mai yawa da hoto mai kyau, kuma ba laifi, amma sun ƙara masa ado da bayani, ni dai na farkon ya fi zauna mini a rai.

Bari in shiga ɓangaren da na fi sani, wato sauti. In kana son ka gane ƙarfin fim ɗin tsoro, kashe sautinsa ka kalla. Rabin su za su koma wasan barkwanci, mutum na leƙe-leƙe a lungu yana zare ido. Akwai ranar da wani matashin darakta ya kawo mini wata fitowa: mace ita kaɗai a ɗaki da dare, tana jin motsi a tsakar gida. Ya cika ta da kiɗa tun daga farko har ƙarshe, ga kukan mujiya, ga iska, ga wata dariya mai amsa-kuwwa. Ya ce in ƙara mata ƙarfi domin ba ta ba da tsoro. Na ce ya ba ni awa ɗaya ya je ya ci abinci. Na share komai. Na bar ƙarar janaretan maƙwabta can nesa, irin wanda duk ɗan Legas ya daina ji saboda sabo, da ɗigar famfo a bokiti. Daidai lokacin da matar ta ɗaga kai, sai na kashe janaretan. Ɗigar ruwan ta ci gaba sau uku, ita ma na tsayar da ita. Shi ke nan abin da na yi. Da ya dawo ya sa abin ji a kunne, na ga ya daina taunar cingam. Ya tambaye ni wane sauti na ƙara. Na ce ban ƙara ba, ragewa na yi. A garin da ba a taɓa yin shiru ba, shirun kansa shi ne alamar cewa wani abu ya faru.

Manyan sun san haka. A The Shining na Stanley Kubrick, 1980, yaro ne ke tuƙa ɗan kekensa a dogayen lungunan otal, kyamara na bin sa a baya. In ya hau katako tayar ta yi ƙara, in ya hau darduma ta yi shiru, ƙara, shiru, ƙara, shiru, kuma kowace kwana ba ka san abin da ke bayanta ba. The Exorcist na 1973 ya ci kyautar Oscar ta sauti, kuma muryar shaiɗanin da ke fita daga bakin yarinyar ta wata dattijuwar 'yar wasa ce, Mercedes McCambridge. Har ɗakin da aka yi ɗaukar sai da aka sanyaya shi kamar firji domin a ga tururin numfashin 'yan wasa. Akwai kuma wani gurnani na can ƙasa da muke shimfiɗawa a ƙarƙashin fitowa. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya gaza kaɗawa 20 a daƙiƙa, to in ka sa sauti kusa da wannan iyaka, mai kallo ba zai ce ya ji wani abu ba, ƙirjinsa ne zai yi nauyi. Lasifikar waya ba ta iya fitar da shi ko kaɗan. Saboda haka wanda ya kalli fim a waya da rana tsaka, keken ɗinki na ƙara, 'yan acaba na hon a waje, sannan ya ce bai ji tsoro ba, bai kalli fim ɗin ba tukuna, hotunansa ya gani.

Kuɗi ma ba su ne ba. Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a cikin gidansa da kimanin dala 15,000, ya tara sama da dala miliyan 190. Me ke ciki? Kyamara a kafe tana kallon gado, saurayi da budurwa na barci, agogo na tafiya a gefen allo. Ƙofa ta ɗan motsa. Wani dare budurwar ta tashi ta tsaya a kan saurayin tana kallonsa, agogo na gudu, awa ɗaya, awa biyu, ba ta motsa ba. The Blair Witch Project na 1999 ma har aka tashi ba a nuna mayyar ba. Su biyun sun gane cewa mai kallo in ka bar shi da allo wanda babu abin da ke faruwa, da kansa zai riƙa bincika kowane lungu yana neman abin da zai tsorata shi. Wanda ya taɓa fama da dannau, ya farka jikinsa ya ƙi motsi yana jin kamar akwai mutum a ɗakin, ba sai an yi masa bayanin dalilin da ya sa fitowar gadon nan ke aiki ba.

Yanzu ga inda amsarka take, ƙanina. Duk waɗannan dabaru ne, kuma dabara ba ta kama mutum sai ta sami ƙugiya a cikin abin da ya riga ya yarda da shi. Dirakula bai taɓa ba ni tsoro ba. Bature ne da baƙar alkyabba a wani tsohon gini mai sanyi, yana gudun tafarnuwa. Mu da muke zuba tafarnuwa a shayi, ina ruwanmu? Haka gawarwakin nan masu tafiya suna cizon mutane, kallon su nake kamar wasan guje-guje. Amma The Exorcist ya taɓa ni, duk da cewa limaman coci ne a ciki ba malamai ba, domin yawancinmu mun taɓa tsayawa a bakin ƙofar ɗakin da ake yi wa wata ruƙiyya, mun ji muryar ƙato na fita daga bakin yarinyar da muka sani. Kuma abin da ya fi cin rai a fim ɗin ba juyawar kai ba ne ko amai, uwar ce, tana yawo da 'yarta daga likita zuwa likita, ana gwaje-gwaje, kowa na cewa bai ga komai ba. Wannan kowace uwa ta san shi. Shi ya sa kuma finafinan aljanu na Turkiyya, irin su jerin Dabbe da Siccin, suke kama mutanenmu fiye da na Amurka: akwai kiran salla a ciki, akwai sihirin da aka binne, akwai gabar dangi, akwai malamin da aka ɗauko cikin dare. Ni a wurina hayaniyarsu ta yi yawa, suna ihu inda ya kamata su yi raɗa, amma ƙugiyar tana nan, kuma na san manya da gemunsu da ba sa yarda su kalle su su kaɗai.

Ba ka faɗa mini sunan kaset ɗin da ya hana ka barci ba, amma zan yi caca cewa dangin Living in Bondage ne, in ma ba shi ba ne. Fim ɗin ya fito a 1992 da harshen Ibo, Kenneth Nnebue ya shirya shi, kuma da shi ake kafa tarihin farkon kasuwar finafinan bidiyo ta Kudu. Labarin a nan Legas yake. Andy, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa, talauci ya ishe shi, yana ganin abokansa na shiga manyan motoci. Aka kai shi ƙungiyar asiri, aka ce kuɗi za su zo amma sai ya ba da wanda ya fi so. Ya ba da matarsa Merit, wadda ba ta taɓa yi masa komai ba sai alheri. Kuɗi suka zo. Ita ma ta zo. Duk inda ya zauna zai ji daɗi sai ta bayyana, har ya haukace ya shiga titi yana tsince-tsince a bola.

In ka auna fim ɗin da ma'aunin sana'a, kurakurai sun yi masa yawa. Haske bai isa ba, sauti na shaƙewa, fatalwar kuwa mace ce kawai da fararen kaya. Amma ka tambayi kanka waye bai san Andy ba a garin nan. Duk wanda ya sauka daga motar Arewa da 'yar jakarsa, ya kwana a masallaci ko a rumfar kasuwa, ya ga sa'ansa da suka zo tare ya yi gida cikin shekara biyu ba a san sana'arsa ba, ya ji ana raɗe-raɗin kuɗin tsafi da 'yan yankan kai, ya san wannan tambayar da ke zuwa wa mutum da tsakar dare: in ni aka yi wa tayin fa? Tsoron da ke cikin fim ɗin ba na fatalwa ba ne. Na alhaki ne, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ba a rufe masa ƙofa, ba a canza masa gari, domin ba daga waje yake zuwa ba. Dishi-dishin hoton ma taimaka masa ya yi, domin ya sa abin ya yi kama da bidiyon bikin wani maƙwabci, ba kama da silima ba.

In kana son ka ga an yi wannan da gwaninta ta zamani, nemi His House na 2020, wanda Remi Weekes ya ba da umarni, Sope Dirisu da Wunmi Mosaku suka fito a ciki. Mata da miji ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, suka tsallake teku, hukuma ta ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila da sharaɗin ba za su bar shi ba. Akwai abu a cikin bangon gidan. Finafinan gidan aljanu da yawa suna da rauni ɗaya, kana kallo kana cewa to ku tashi mana, wa ya ɗaure ku? A nan an ɗaure su: in suka fita za a mayar da su inda suka gudo. Duk wanda ya biya kuɗin hayar shekara a Legas, da na dillali da na yarjejeniya, ya san ba motsin dare ne zai fitar da shi ba. Kuma abin da ke cikin bangon tare suka zo da shi, akwai abin da suka aikata a hanya. Ba zan ɓata maka ba.

Namu masu shirya fim na Arewa kuwa, ina faɗa da ƙauna domin abokan aiki ne, sun fi kowa arzikin kayan aiki kuma sun fi kowa ɓarnatar da shi. Muna da mayu da kamun kurwa, muna da tsamiyar da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana, muna da kangon gida, da tsohuwar rijiya, da hanin zubar da ruwan zafi ba bisimilla, da kiran suna cikin dare wanda aka ce kada ka amsa. Amma da an zo fim sai a shafa wa mutum farar hoda, a ɗaura masa jan ƙyalle, a sa masa dariya mai amsa-kuwwa, ya ɓace fat ya bayyana fat tun minti na goma. Yara ma dariya suke yi. Da za a ba ni dama, fim ɗin maita zan yi wanda ba za a taɓa nuna mayya ba. Yaro na rashin lafiya, yana kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciya cikin zafin zazzaɓi, unguwa ta fara kallonta, ita kuma tana shigowa kullum da kokonta na kunu tana tambayar mai jiki. Har a tashi kada mai kallo ya tabbatar ko ita ce, ko kuwa jama'ar unguwar ne abin tsoron.

To wanne ya fi? In don iya sana'a ne, Psycho da The Shining malamai ne, har gobe ana koyo a wurinsu. In don abin da zai bi ka har gado ne ba tare da ka san al'adar masu shi ba, Ringu zan ba. Masu jini su ne na ƙarshe a wurina. Amma wanda ya fi ban tsoro a wurinka shi ne wannan kaset ɗin naka, kuma hujjar da za ka ba abokanka ke nan: kada su ƙirga sau nawa suka zabura ana kallo, su faɗi abin da suka yi bayan an kashe. Wa ya bar fitila a kunne, wa ya fasa fita kewaye sai da gari ya waye, wa ya tsawaita addu'ar barci.

In musun ya ƙi ƙarewa, ku rufe shago ranar Asabar bayan isha'i, ku samo lasifika mai kyau ba ta waya ba, ku kashe fitila, kowa ya ajiye wayarsa a cikin aljihun keken ɗinki. Ku sa Ringu. Mutum-mutumin nan da kuke rataya wa kaya a bakin ƙofa, wanda ba shi da kai, kada ku fitar da shi, ku bar shi tsaye a bayanku. In an gama, mai yabon jinin Amurka shi za ku aika ya mayar da shi lungu.